Yadda Ake Tara Faya-fayan Garmaho na Kiɗan Gem da Gane Mai Kyawun Sauti

Kiɗan da ke tashi a cikin wasannin gem yanzu ana buga shi a faifan garmaho, kuma masu tara shi suna da yawa a Japan da Turai da Amurka. Abin ya daɗe. Tun a 1984 mawaƙin Japan Haruomi Hosono ya fitar da faifai da ya tattara sautukan wasannin kamfanin Namco, har da na Xevious. Amma kasuwar ta buɗe sosai ne a 2015, shekarar da kamfanin Data Discs na Landan ya fara aiki da kiɗan Streets of Rage, kamfanin Ghostly kuma ya buga kiɗan Minecraft. Yau akwai iam8bit da Mondo da Fangamer a Amurka, da Laced Records a Ingila, da Black Screen Records a Jamus, da Brave Wave a Japan, kowanne da irin nasa aikin.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka riƙe wannan: kusan duk kiɗan gem a cikin na'ura aka haife shi, kuma faifai ba ya ƙara masa kyawun da bai zo da shi ba. Abin da ke sa wani faifai ya yi daɗi wani ya yi ta ƙarar banza bai wuce inda aka ɗauko sautin ba, da hannun da ya yi masa mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe kafin bugu, ya yanka shi a faifai, sai kuma yadda kai ka saita injinka ka tsabtace faifan. Launin roba da zanen kwali suna faranta ido, ni ma ina son su, amma kunne ba ya jin su.

Kayan da za ka tanada

Injin juya faifai mai gudu biyu, juyi 33 da juyi 45 a minti. Nemi wanda hannunsa yake da dunƙulen ƙarfe a baya da za ka iya murzawa don daidaita nauyin allura. Audio-Technica AT-LP120X ya isa mai farawa, haka Rega Planar 1 ko Pro-Ject Debut. In ka dace da Technics SL-1200 na hannu mai lafiya, kada ka bari ya wuce ka, tun 1972 aka fara ƙera jinsinsa kuma yana da jure wahala. In kuɗi bai kai ba, AT-LP60X ya wadatar, daga kamfani aka saita shi kuma ba ya cin faifai. Abin da nake hana kowa shi ne ƙananan injunan nan masu siffar akwati da sifika a jikinsu. Allurarsu tana danna faifai da nauyi, sifikar kuma tana girgiza allurar da take karanta sautin. Tsohon garmaho mai allurar ƙarfe wanda ake wana shi da hannu kuwa don faifai mai gudu 78 aka yi shi, juyi ɗaya zai kashe maka faifan zamani.

Kan allura da allurarsa. Yawancin injuna da nasu suke zuwa. Biyu da aka fi samu su ne AT-VM95E, wanda ake sa wa nauyin giram 2.0, da Ortofon 2M Red mai giram 1.8.

Ƙaramin amfilifaya na fono. Sautin da allura take fitarwa ɗan mitsitsi ne, milibolt 3 zuwa 5. Ban da haka, lokacin yanka faifai ana rage bes a ƙara siririn sauti bisa ƙa'idar RIAA da aka tsayar a 1954, fono ne yake mayar da komai daidai. Wasu injuna suna da shi a ciki, tsofaffin amfilifaya kuma suna da ramin da aka rubuta PHONO. In babu ko ɗaya, sai ka sayi na daban.

Amfilifaya da sifika biyu. In babu, hedifon mai kyau da ƙaramin amfilifayarsa ya fi sifika mai arha nesa ba kusa ba.

Kayan tsabta: buroshin faifai mai zaren kabon, ɗan buroshin allura, tsumma mai laushi irin na goge gilashin ido guda biyu, ledar ciki wadda ba ta jan ƙura, da tataccen ruwa. Ana samun ruwan a kemis ko wajen masu batir, amma ka tabbatar ruwan ƙari ne zalla, ba mai asid ba.

Kayan awo: ƙaramin sikeli mai karanta giram har da ɗigo biyu, da ma'aunin magina mai kumfa a tsakiya. Sai sitabilaiza.

Mataki na 1: Wuri da wuta

Ɗora injin a kan tebur mai nauyi wanda ba ya rawa, ko kanta da aka kafe a bango. Kada sifika ta hau tebur ɗaya da shi, domin bes zai bi katako ya koma cikin allura, ka ji gurnani yana ƙaruwa duk sanda ka ƙara murya. Aza ma'aunin magina a kan farantin injin, gaba da baya, hagu da dama, har kumfar ta tsaya tsakiya. In babu ma'aunin, akwai manhajar waya da ke wannan aiki.

Maganar wuta ta fi shafar mu fiye da masu tarawa na waje. Wutarmu a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce mai bugu sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 mai bugun 60, ta Japan kuma 100. Juya bayan injin ko adaftarsa ka karanta. In an rubuta 100 zuwa 240, ka huta. In 100 ko 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba zai ƙone nan take. Akwai kuma injunan bel, irin na Rega, da motarsu take ɗaukar gudunta daga bugun wuta. Wanda aka yi wa Amurka, in ka kawo shi nan, maimakon 33 zai riƙa juyawa kusan 28, kiɗan ya yi nauyi ya ja ƙafa, kuma taransifoma ba ta gyara wannan. Sayi na kasuwar Ingila ko Turai. Irin wannan injin ba ya shiri da janareta ma, domin bugunta hawa da sauka yake. In da janareta za ka fi amfani, zaɓi injin da motarsa take juya faranti kai tsaye mai kullen kwatz da ke tsayar da gudunta daram, ko mai adaftar DC. In inbata ce, mai tsabtar wuta ita ce daidai, mai arha tana sa zuuu a sifika.

Haɗa wayoyin, ja a ramin ja, fari a ramin fari. In akwai siririyar waya ta uku mai kan cokali, ɗaure ta a kusoshin da aka rubuta GND. Kuskuren da aka fi yi shi ne bi ta fono sau biyu: an kunna na cikin injin, kuma an cusa waya a ramin PHONO na amfilifaya. Sautin zai fashe da mugun ƙarfi. In kuma babu fono ko ɗaya, za ka ji shi can ƙasa-ƙasa, siriri, ba bes.

Mataki na 2: Saita hannu da allura

Mayar da maɓallin antisket, wanda ke hana hannun zamewa zuwa tsakiyar faifai, sifili. Cire murfin allura, saki hannun, ka riƙe shi da yatsa a gefen faranti. Murza dunƙulen baya a hankali har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Mayar da shi mazauninsa. Yanzu juya zoben lambobi kaɗai, ba tare da dunƙulen ya motsa ba, har sifili ya zo sama. Sannan ka murza dunƙulen gaba ɗaya zuwa nauyin da kamfanin allurar ya faɗa. Tabbatar da sikeli. In sikelin masu gwal ka aro, ka lura farantinsa na iya zama ƙarfen da maganaɗisun kan allura yake ja, sai ya ba ka lamba fiye da gaskiya. Ɗora ɗan guntun roba mai kauri a kai, ka mayar da sikelin sifili, sannan ka sauke allurar. Daga nan sa antisket a lamba ɗaya da nauyin.

Masu farawa sukan rage nauyi wai don tausayin faifai. Hakan ya fi ɓarna. Allura mara isasshen nauyi tana tsalle-tsalle a cikin tsagi, wato siririn layin da take bi a fuskar faifai, tana bugun bangonsa, kuma kiɗan gem mai kaifi shi ya fi fuskantar wannan. Tsaya a kan lambar kamfani.

Mataki na 3: Gano inda aka ɗauko sautin

Nan ne aikin yake, kuma kafin saye ake yin sa.

Kiɗan gem iri-iri ne. Na farko shi ne na tsofaffin na'urori, inda aisin sauti, wato ɗan guntun lantarki da ke cikin na'urar, shi ne da kansa yake kaɗa kiɗan yayin da kake wasa. Tsohuwar na'urar Nintendo mai suna NES murya 5 gare ta. Sega Mega Drive, wadda da yawa muka sani a gidajen gem, tana da aisin Yamaha YM2612 mai murya 6 da wani ƙarami da ke taimaka masa. Super Nintendo tana da murya 8, kuma duk sautukan kayan kiɗanta a cikin kilobait 64 ake cusa su. Irin wannan kiɗa ba shi da wani kaset na asali da aka ajiye a sutudiyo. Abin da ke cikin wasan umarni ne kawai, sai na'ura ta karanta shi sauti yake samuwa. Don haka tambayar farko ita ce: wace na'ura aka kunna aka naɗa? Wasu suna naɗa daga na'urar gaske, wasu daga manhajar kwaikwayo a kwamfuta, marasa tsoron Allah kuma su sauko da MP3 daga intanet su kai gidan bugu. Ko a cikin na'urorin gaske akwai bambanci. Mega Drive ta farko, mai ramin hedifon a gaba, an san ta da tsabtar sauti fiye da yawancin waɗanda suka biyo bayanta.

Kamfanin da ya yi aiki mai kyau ba ya ɓoye wannan, a bayanin faifan yake rubutawa. Brave Wave, da suka fitar da kiɗan Street Fighter II, daga allunan injin wasan na ainihi suka ɗauko shi, kuma suka sa zubi biyu, na allon CPS-1 da na CPS-2, domin kiɗa ɗaya ne amma muryar aisin ta bambanta. Data Discs kuma tare da Yuzo Koshiro, wanda ya tsara kiɗan Streets of Rage na 1991, suka yi nasu aikin. In ka karanta bayanin faifai daga sama har ƙasa ka ga launi da hoto da adadin kwafi kaɗai ake yabo, ba a ce komai a kan tushen sauti ba, ni dai nakan janye hannuna.

Na biyu shi ne kiɗan da aka haɗa a kwamfutar sutudiyo, wanda shi ne mafi yawa daga zamanin CD zuwa yau. A nan abin nema shi ne a ce an yi masa mastarin na musamman don faifai, a kuma ambaci sunan injiniyan ko sutudiyon. Dalili kuwa faifai yana da iyaka. Bes mai nauyi dole a tattaro shi tsakiya, in ya rabu hagu da dama allura za ta fita daga tsagi. Siririn sauti mai kaifi dole a lallaɓa shi, in ba haka ba ya koma tsss. Fayil ɗin da aka matse don ya yi ƙara a waya, in aka yanka shi yadda yake, faifan zai fito a daƙushe. Ka kuma sani, wasu wasannin zamanin PlayStation ta farko da Nintendo 64 an matse sautinsu tun a cikin wasan saboda ƙarancin wuri. In kamfani bai samu fayil na mai kiɗan ba, abin da aka matse shi za ka ji, ko da a faifai mafi tsada.

Na uku shi ne wanda mutane suka kaɗa da hannu, da ƙaho da goge da ganga da fiyano. Kiɗan Cuphead na 2017, wanda Kristofer Maddigan ya tsara aka naɗa da babbar ƙungiyar jaz, misali ne, iam8bit sun buga shi a faifai 4. A ganina wannan iri shi ya fi zama daram a faifai, kuma da shi nake ba mai farawa shawara ya soma, domin da shi kunne ya fi saurin gane ko an saita inji daidai.

Sai ka bambance kiɗan wasa na asali da wanda wata ƙungiya ta sake kaɗawa. Dukansu halal ne kuma akwai masu daɗi, amma mutum yakan sayi faifai yana ɗokin sautin da ya sani tun yana yaro, ya sa ya ji ƙungiyar goge. Shafin VGMdb yana rubuta wannan dalla-dalla ga kusan kowane fitarwa, duba can kafin ka biya.

Mataki na 4: Lissafa mintuna, duba gudu da launi

Nemi jerin waƙoƙin ka tara mintunan kowane gefe. Faifai mai inci 12 a gudu 33 yana ɗaukar minti 18 zuwa 22 cikin walwala. In aka haura 25, dole mai yanka ya matse tsagi ya rage ƙarfi da bes, sai ƙarar roba ta fito fili. Wannan matsala ta addabi kiɗan gem saboda yawansa. Na Final Fantasy VII, aikin Nobuo Uematsu na 1997, CD 4 ne, fiye da awa 4 da rabi, wanda zai ci faifai kusan 7 in ana son a buga shi duka da kyau. Saboda haka zaɓaɓɓun waƙoƙi a faifai biyu masu sarari sun fi cikakken kiɗa da aka danƙara.

Akwai kuma abin da ke faruwa a ƙarshen kowane gefe. A bakin faifai tsagi yana wuce allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa bai fi 20 da 'yan kai ba. Wuri ya ragu, sautin da za a rubuta bai ragu ba. Shi ya sa waƙar ƙarshe take fin saurin fashewa, musamman kiɗan aisi mai tsini. Kamfani mai hankali yakan sa waƙa mai sanyi a wurin. Faifai mai inci 12 da aka yanka a gudu 45 ya fi tsabta ta wannan fuska, sai dai minti 12 zuwa 15 kawai yake ɗauka. Karanta takardar tsakiya kafin ka sa, domin kiɗan da ba murya a cikinsa mutum yana iya jin sa a gudun da ba nasa ba bai lura ba.

Game da launi, ja ko shuɗi ko garai-garai daga gidan bugu mai kyau ba su da laifi. Waɗanda za ka yi hattara da su biyu ne: mai hoto a jiki, wanda siririyar leda ce aka shimfiɗa a kan takarda aka buga tsagi a kai, da mai haske a duhu, wanda garin da aka zuba masa yake ƙara shuuu. Kiɗa mai sanyi irin fiyanon Minecraft ba ya jure wannan ko kaɗan. In akwai baƙi, ɗauki baƙi. Rubutun giram 180 kuma nauyin roba ne kawai, zurfin tsagi ɗaya ne da na giram 140.

Mataki na 5: Saye da aikowa

Sabon faifai ka saye shi daga shafin kamfanin ko dillalin da ya amince da shi. Da yawa ana biya ne kafin a buga, a jira watanni, don haka ka shirya haƙuri. Wanda ya ƙare kuwa sai Discogs, shafin cinikin faya-fayai a intanet, inda masu sayarwa suke sa daraja: NM kusan sabo, VG+ an yi amfani da shi amma lafiya, VG za ka ji ƙas-ƙas. Kada ka sauka ƙasa da VG+. Karanta ra'ayin waɗanda suka riga ka saye a ƙarƙashin wannan bugun takamaimai, domin kiɗa ɗaya kan fito sau uku, bugu ɗaya ya yi kyau wani ya lalace. Kada ka yi gaggawar biyan ninki uku don an ce ya ƙare, waɗanda suka karɓu akan sake buga su.

Jabu suna da yawa, musamman na wasannin Nintendo, kamfanin da ya daɗe yana tsauri wajen ba da izini. Alamarsu ita ce babu sunan mai wasan da alamar haƙƙin mallaka a bayan kwali, babu sunan mai mastarin, Discogs kuma yakan rubuta cewa ba na izini ba ne. Mai kiɗan ba ya samun komai daga cikinsu, tushen sautinsu kuma sai Allah.

Kuɗin aikowa zuwa nan kan kai kuɗin faifan ko ya fi, ga kuma kwastan. Tara oda ka haɗa uku ko huɗu a kwali ɗaya, ko ku haɗa kai da abokai, ko ka roƙi mai dawowa daga tafiya ya riƙo maka a jakar hannu. Ka ce wa mai sayarwa ya yi amfani da kwalin aika faifai mai tauri, in na hannu ne kuma ya zare faifan daga rigarsa ya ajiye shi a gefenta, don kada ya tsaga bakin kwalin a hanya. Da zarar saƙo ya iso ka je ka karɓa. Kada ya kwana a but ɗin mota, kada ya zauna a kujerar baya cikin ranar bazara ko na awa ɗaya.

Mataki na 6: Dubawa da wankewa

Bar kwalin ya huce a ɗaki kafin ka buɗe. Riƙe faifai da tafin hannu biyu a baki, ko babban yatsa a baki sauran a takardar tsakiya. Karkata shi ƙarƙashin fitila ka duba ƙarzuwa. Wadda farce yake ji, allura ma za ta ji. Ɗora shi a faranti ya juya, ka sunkuya idonka ya yi daidai da bakinsa. Ɗan hawa da sauka ba komai, amma in yana cilla hannun sama, ɗauki bidiyo ka aika wa mai sayarwa tun ranar.

Ko sabo ne ka wanke shi, domin daga gidan bugu yake zuwa da ƙura da ɓurɓushin takarda. Shimfiɗa tsumma mai tsabta, aza faifan, jiƙa ɗaya tsumman da tataccen ruwa ka bi tsagi a zagaye sau uku ko huɗu, kada ka ratsa shi. Kiyaye takardar tsakiya. In da maiƙon yatsa, ɗiga sabulun wanke kwano ɗigo ɗaya tak a cikin lita guda, sannan ka bi da ruwa zalla. Jingine shi a tsaye ya bushe sarai. Ruwan rijiya da na burtsatse da fiya wata duk suna barin gishiri a cikin tsagi. Fetur da kananzir da turare da sanitaiza kuwa kada su kusance shi. Bayan ya bushe sa shi a sabuwar ledar ciki, ka ajiye ta takardar a cikin kwali.

Kafin kowane sauraro, bar faifan yana juyawa ka aza buroshin kabon a kai a hankali juyi biyu, ka janye shi zuwa baki. Allura kuma daga baya zuwa gaba ake share ta, kada ka yi gefe da gefe. A lokacin hunturu aikin ya ninka. Busasshiyar iska tana tara wuta a jikin roba, irin wadda ke sa rigar leda ta yi ƙas-ƙas in ka cire ta da dare, sai faifan ya riƙa jawo ƙura yana harbi a sifika. Wanki da ruwa yana rage ta sosai, haka ajiye kwanon ruwa ko jiƙaƙƙen tawul a ɗakin. Rufe taga, ka sauke murfin injin da zarar ka gama.

Mataki na 7: Sauraron gwaji

Wasu faya-fayan suna zuwa da lambar sauke kiɗan daga intanet, ko ka same shi a shafin sayar da kiɗa na Bandcamp. Haɗa wayarka da amfilifaya ɗaya, ka daidaita ƙarfin biyun da kunne har su yi kai ɗaya. Wannan wajibi ne, domin duk wanda ya ɗan fi ƙara shi kunne zai ce ya fi daɗi. Sai ka riƙa sauyawa.

Fara da shirun da ke gaban waƙar farko. Ɗan shuu mai laushi dabi'ar faifai ce, CD ya fi shi shiru kuma babu gardama a kan haka. Zuuu mai ɗorewa matsalar waya ce ko wuta. Sai waƙar ƙarshe ta gefen: in ta fashe alhali ta farko lafiya, duba ƙura a bakin allura, sake auna nauyi, sannan ka duba ko kan allurar ya karkace. Ana buga takardar awon karkata daga intanet kyauta, amma ka buga ta a ainihin girmanta. In duk wannan daidai ne, allura mai siririn baki irin AT-VM95ML tana magance mafi yawan matsalar, kuma a kan jikin VM95E take shiga ba sai ka kwance komai ba.

Sannan nemi wurin da sauti ɗaya yake ja da tsawo. A kiɗan aisi irin wannan dogon sauti sau da yawa a miƙe yake ba karkarwa, don haka in ka ji shi yana lilo sama da ƙasa sau ɗaya a kowane juyi, kalli kan allurar daga sama. Za ka ga yana kaiwa hagu yana komowa dama a hankali. Ramin faifan ne bai zauna tsakiya ba, laifin gidan bugu ne, kuma ya isa dalilin neman canji. Haka in ka ji wani ƙyarr kamar ana yage ƙyalle a sifika ɗaya, a wuri ɗaya kullum, ko bayan wanki: roba ce ba ta cika tsagin ba lokacin bugu, ba ya gyaruwa.

In faifan ya fi fayil ɗin sakewa da faɗi, galibi mastarin ɗinsa ne ba a matse ba. Rubuta sunan injiniyan da kamfanin a littafinka, za su yi maka jagora a saye na gaba. Sau da yawa akan sami haruffan sunan mai yanka an ƙarce su da hannu a santsin da ke kewaye da takardar tsakiya, tare da lambar bugun.

Mataki na 8: Ajiya

A tsaye ake jera faifai, ba a kwance an ɗora wani kan wani ba, kuma kada su jingina a karkace. Zaɓi bangon ciki wanda rana ba ta duka, nesa da taga, ƙasa-ƙasa in rufin kwano ne ba silin, amma a ɗaga daga daɓe saboda gara da ruwa. Da damina riƙa zaro su lokaci-lokaci su sha iska, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi a cikin kantar, domin kwali yana yin fumfuna. Faifai mai hoto yakan zo a cikin leda mai kauri mai warin roba. Fitar da shi daga ciki, domin a cikin zafi tana barin hazo a fuskar faifai wanda ba ya wankuwa.

In faifai ya ɗan lanƙwashe, kada ka bi shawarar sa shi tsakanin gilashi biyu a rana. Ranarmu za ta narkar da tsagin kafin ta miƙar da shi. Sa shi a ledarsa tsakanin katako biyu masu santsi, ka ɗora littattafai masu nauyi, ka bar shi makonni a ɗaki mai sanyi. Wani yakan miƙe, wani ba ya miƙewa.

Allura tana ƙarewa tsakanin awa 300 zuwa 1000 gwargwadon irin bakinta, kuma ƙura tana gaggauta hakan. Riƙa ƙiyasta awannin da kake sauraro a mako. In faifan da ka sani sarai ya fara kaushi ko bayan ka wanke shi ka share allurar, daina sawa har sai sabuwa ta zo. Tun da ba a cika samun ta a kasuwanninmu ba, ka haɗa ta biyu a cikin odar faifanka na gaba.